Yunwar da Ta Kashe Matatsa

Shekara talatin da ɗaya Injiniya ya yi yana aiki a matatsar man gyada da ke bakin gari. Bai taɓa shiga aji ba, ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan, don in inji ya yi tari, yana daga bakin ƙofa zai gaya maka wane noti ne ya kwance. Da hannunsa aka kafa babban injin matsa tun matatsar tana hannun gwamnati, lokacin da manomi ke kawo gyadarsa ya koma gida da mai a jarka da tunkuzar dabbobi a buhu.

Sai aka wayi gari an sayar da ita ga wani kamfani na ƙetare. Masu kamfanin ba wanda ya taɓa ganin ko ƙeyarsu, an dai ce suna da irin wannan matatsa a ƙasashe goma sha wani abu. Abin da ido ya gani shi ne sabon fenti, da waya mai ƙaya a kan katanga, da wani Manaja ɗan ƙasa wanda ba ya amsa gaisuwa sai da hanci. Watan farko aka sallami tsofaffin ma'aikata, har da Injiniya. Wata na uku aka fito da doka cewa ba mai sayar wa kowa gyada sai kamfani, a farashin da kamfani ya yanka. Wata na huɗu sojoji suka kafa tantuna a bakin ƙofa, kamfani ke ci da su. Man kuwa tankoki ke kwashe shi zuwa tashar jiragen ruwa. Mutanen gari suna shaƙar ƙamshinsa a iska, tukunyarsu ba ko ɗigo.

Injiniya ya buɗe 'yar rumfar walda a bayan gidansa, yana gyaran ƙofofi da baro, yana cewa komai ya yi farko zai yi ƙarshe. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ita ce ba ta gaji wannan haƙurin ba. A sashen ɗura mai take aiki, awa goma sha biyu a tsaye. Yarinya ce mai baki. In ta dawo da yamma sai ta tura ciki gaba ta kwaikwayi tafiyar Manaja a tsakar gida, har uwarta, Inna, ta yi dariya da hawaye. Ranar da bel ɗin inji ya cinye hannun wata abokiyar aikinta, aka miƙa wa matar takardar sallama tun jinin bai bushe ba, Auta ce ta kashe injin sashensu ta ce kowa ya fito.

Kwana uku ma'aikata suna zaune a ƙasa a bakin ƙofa, ba sanda, ba dutse. Ran na huɗu da hantsi shugaban sojojin, wani Kyaftin mai baƙin tabarau, ya ce ya ba su minti goma su watse. Ko biyar bai jira ba ya sa aka buɗe wuta. Gawar mutum bakwai aka kwasa.

Dogo, direban babbar mota da ke ɗauko wa matatsa gyada daga ƙauyuka, shi ya kawo gawar Auta gida a bayan motarsa. Ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Baba Injiniya," ya nuna masa bayan motar. Injiniya ya kashe wutar walda ya leƙa. Har a lokacin hular aikinta tana kanta.

Da yamma rediyo ya ce jami'an tsaro sun tarwatsa wasu ɓata-gari da suka yi yunƙurin ƙona dukiyar masu zuba jari. Washegari bututun matatsa ya ci gaba da hayaƙinsa kamar kaji aka yanka.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, Injiniya ya rufe kansa a rumfa. Bai yi kuka ba, abin a ƙirji ya tsaya masa kamar garwashi. Ya san tukunyar tururin matatsar fiye da yadda ya san ɗakin kwanansa. Ya san bawul ɗin da ke rage mata numfashi in zafi ya yi yawa, ya kuma san magudanar ruwan da ke bi ta ƙarƙashin katanga har gindinta. In aka toshe bawul ɗin nan, awa biyu sun isa. Ba matatsa, ba tantuna, ba Kyaftin. Kwana biyu ya yi yana goge wani guntun ƙarfe yana gwada kaurinsa.

Ran na uku da azahar Inna ta shigo da ruwan sha, ta ga abin a hannunsa. Matar bakanike ce ta shekara arba'in, ba ta buƙaci bayani ba.

"Malam, na tukunya ne wannan?"

Bai ɗago ba.

"Su wa ke aiki kusa da tukunyar yanzu? Ɗan maƙwabcinmu na nan. Mijin 'yar ƙanwarka na nan. Manaja kuwa ofishinsa na can nesa cikin sanyi, masu kamfani suna bayan teku. Ka kashe 'ya'yan mutane, su a biya su asararsu, su gina sabuwa?"

"To in zauna ke nan?" ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba. "In ce na bar wa Allah, in koma gyaran baro?"

"Wa ya ce ka zauna?" Ta ajiye kofin a hankali. Sai a lokacin ya dubi idonta, ya ga ashe wutar da ke cikinsa kyandir ce a kan tata. "Ni na haife ta. Gobara ta yini ɗaya ce, ni kuwa so nake su daɗe suna ji a jikinsu. Gaya mini, me wannan dodon yake ci?"

"Gyada. Mota arba'in a yini."

"In bai samu ba fa?"

Ya ajiye guntun ƙarfen.

"Kaka saura mako shida," in ji ta. "Manoma ba son kamfani suke yi ba, wurin kai gyadar ne ba su da shi. Doka ta hana su sayarwa, ba ta hana mutum ya matse abin da ya noma ya ci ba. Kai ne Injiniya. Ka ba su wurin kaiwa."

A ranar ya jefa guntun ƙarfen cikin tarkace, ya aika a kira Dogo.

Matatsar farko da ya haɗa abin dariya ce. Guntun bututun ruwa ne mai faɗi da ya huhhuda, da jak ɗin babbar mota, da faranti na ƙarfe, duk a cikin firam da ya yi da tsohon gadon asibiti. Dogo ya zagaya ta ya ce, "Baba, wannan in ta ga gyada ba za ta gudu ba?" Suka soya gyada sama-sama, suka niƙa, suka ɗura, Dogo ya hau buga jak. Da farko shiru. Can sai mai ya fara tsattsafowa ta hudojin, ya taru, ya gangaro cikin kwano, rawaya, mai ɗumi. Dogo ya dangwala ya lasa, ya daina dariya.

Cikin mako shida suka zagaya ƙauye ashirin da uku. Duk inda suka je Inna ce ke magana, kuma ba ta da dogon jawabi. Sai ta faɗi sunayen mutum bakwai ɗin nan da sunayen iyayensu, sannan ta ce, "Duk buhun da ya shiga ƙofar can, abincin wanda ya harbe su ne." Injiniya kuma ya tara maƙera da masu gyaran keke ya haɗa matatsa a gabansu, ya warware, ya ce su haɗa da kansu. Sharaɗinsa ɗaya ne: matatsa ba ta mutum ɗaya ba ce, ta ƙauye ce. A tsakiyar gari za a kafa ta, kowa ya kawo gyadarsa ya buga jak da hannunsa, ya bar ɗan abin da ya sawwaƙa a tulun jama'a saboda marayu da marasa gona. Tunda an hana ciniki, sai aka koma musaya. Mai gyada ya ba da mai ya karɓi hatsi, mai saƙa ya karɓi mai ya ba da zane, mata suka riƙa dafa sabulu da guggubin man, makiyaya suna kawo madara su tafi da tunkuza. In rigima ta taso a zauna a gindin bishiya a kashe ta, mace da namiji kowa da bakinsa.

Ba duka aka yarda ba. Ƙauye huɗu suka ce su ba za su ja da mai bindiga ba, suka kai gyadarsu. Wani babban manomi ya yi musu rantsuwa da safe, da la'asar aka ga motarsa a layin sikeli. Inna ba ta zage shi ba. Ta dai daina amsa sallamarsa, matan gari suka bi sahunta, har 'yarsa ta rasa mai yi mata kitso.

Kaka ta zo. Motocin kamfani suka riƙa fita wayam suna dawowa wayam. Na Dogo da abokansa kuwa wata irin cuta ta kama su, kullum a lalace a hanya. Mota arba'in ta koma tara, tara ta koma uku. Kowace safiya Injiniya yakan fito da kujerarsa ƙofar gida ya zauna yana kallon bututun matatsa, yadda hayaƙin ke sirancewa kamar majinyaci. Ranar da ya ɗauke gaba ɗaya, ya shiga gida ya ce wa Inna a ƙara masa abinci. Rabonsa da ya cinye kwanonsa tun rasuwar Auta.

Sojoji ba su yi wata-wata ba. Suka bi ƙauyuka suka farfasa matatsa goma sha ɗaya, suka ƙona rumbuna a ƙauye biyu, suka cinna wa motar Dogo wuta yana tsaye yana kallo. Sannan suka zo rumfar walda da rana tsaka. Kyaftin da kansa ya shigo, ya ɗauki jak yana jujjuyawa.

"Kai ne tsohon da ke koya wa mutane karya tattalin arzikin ƙasa?"

"Ni ne uban yarinyar da ka harba a wuya," in ji Injiniya. "Mai shuɗiyar hula. Ko ba ka duba ba?"

Kyaftin ya sa aka danne hannunsa na dama a kan maƙera, ya karɓi bindigar wani soja ya sauke masa gindinta sau uku. Injiniya ya ji ƙasusuwan suna ƙara kamar ana taka busasshen kara. Kwana tara ya yi a wani ɗakin ajiya a bayan tantuna, hannun ya kumbura ya yi baƙi, ba magani. Abin da ya riƙe shi a kwanakin nan ba haƙuri ba ne. Fuskar Kyaftin yake zanawa a ransa, gashi ɗaya ɗaya, don kada ya manta komai.

Da aka sako shi ya tarar garin ya canza. Inna ta bi kasuwa rumfa rumfa. Ba mai sayar wa soja ko tumatir, ba mai yi musu wanki, ba mai aski, ba mai gaisuwa. In soja ya shigo layi sai ka ji ana rufe tagogi ɗaya bayan ɗaya. Matatsa kuwa, a madadin goma sha ɗayan da aka fasa, maƙera sun haɗa talatin da wani abu, wasu a kan amalanke, yau a wannan gida gobe a wancan. Me za a ƙwace? Tarkace ne, kuma tarkace ba ya ƙarewa.

Yatsunsa uku suka warke a murɗe. Ko cokali da hagu ya koma riƙewa.

Kamfani bai saduda ba. Ya sayo gyada daga wata ƙasa mai nisa, jirgi guda, aka cika rumbunan matatsa har rufi. Bututu ya sake hayaƙi, baƙi ƙirin, kamar da gayya. Mutane suka yi sanyi. Dogo ya zo ya zauna a rumfa ya ce, "Baba, mun yi asarar mota da rumbuna da hannunka, ga shi sun tashi." Injiniya kuwa kunnensa na can wajen matatsa. Daga ƙofar gidansa yana jin wani ɗan ƙara a cikin rurin babban injin, wanda ba wanda zai ji sai shi. Wata huɗu injin yana kwance, sun tashe shi ba su wanke busasshen man da ya daskare a cikinsa ba.

Kwana uku injin ya yi ya tsaya cak.

Injin ya girmi injiniyoyin kamfani, masana'antar da ta ƙera shi ma ta daɗe da rufewa. Suka yi mako biyu suna dube-dube a na'ura, ba su gano komai ba. Damina ta sauka, gyadar da ke rumbu ta fara fumfuna. Sai ga motar Manaja a ƙofar gidan Injiniya, shi kaɗai, ba soja.

Yau da baki ya yi gaisuwa, har da rusunawa. "Baba, abin da ya faru ya faru, kuma wallahi ba da son raina ba. Kamfani a shirye yake ya share muku hawaye. Za a mayar da kai aiki, shugaban sashen gyara. Ka zo ka duba mana injin nan kawai."

Inna tana bakin ƙofar ɗaki tana tsince hatsi. Ba ta ba shi tabarma ba. "Ɗana," ta ce, "uwarka na da rai?"

"Tana nan, Inna."

"To ka je ka tambaye ta nawa za a ba ta a kanka. Abin da ta faɗa, ka dawo ka gaya mini."

Manaja ya sunkuyar da kai. Ga mamakinsa sai Injiniya ya miƙe ya ce, "Mu je in gani."

Ya shiga ta ƙofar da aka zubar da jinin 'yarsa, bai kalli ƙasa ba. Ɗakin injin na nan yadda ya bar shi, har ƙusar da yake rataye rigarsa. Ya sa aka buɗe murfin akwatin giyar injin, ya haska fitila, ya zura hannun hagu ya shafa. Nan take ya gane. Wani ɗan ƙarfe ne mai tsawon yatsa, wanda ke riƙe haƙoran giya da sandar da ke juyawa, shi ne ya karye ya maƙale a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Sau biyu ya taɓa canza shi. Aikin yini ɗaya ne, da guntun ƙarfen da ba a rasawa a kowace bola.

Ya daɗe a tsugune. Injin nan shi ya rene shi, ya san muryarsa tun yana sabo, sai ya ji kamar dabbarsa ce ke kallonsa tana nishi. Ya shafa murfin sau ɗaya, ya miƙe. Manaja da injiniyoyi biyu da Kyaftin duk suna tsaye suna jira.

"Babbar sandar ce ta tsage daga ciki," ya ce, ko ƙifta ido bai yi ba. "Kuka kuskura kuka tashe shi, zai watse ya kashe na kusa. Sai dai sabo."

"Ba dabara, Baba?" in ji Manaja. "An ce ba abin da ke gagarar ka."

Injiniya ya ɗaga hannunsa na dama, murɗaɗɗun yatsun suna kallon juna, ya kai shi dab da tabaran Kyaftin.

"Da akwai mai dabarar. Ga shi nan. Tambayi wannan ya gaya maka inda ya kai shi."

Ya fita a hankali, ba wanda ya tare shi. Sai da ya sha kwana ya jingina da bango, dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba daɗi a cikinta, har mai wucewa ya tsaya yana tambaya ko lafiya.

Masu kamfani suka auna daga can inda suke: sabon inji, da gyadar da ta ruɓe, da garin da ba zai sayar musu da ƙwaya ɗaya ba. Wata biyu bayan haka aka manna takardar rufe matatsa a ƙofa. Kafin su tafi sai da suka sa aka yayyanka injinan da wutar walda don kada wani ya amfana. Wannan ya yi wa Injiniya ciwo fiye da yadda ya zata. Amma da aka buɗe ƙofa maƙeran ƙauyuka suka shigo da amalanke, suka kwashe ƙarafan kaf. Babban ɗakin kuma ƙauyukan suka mai da shi wurin haɗuwarsu na musaya, ranar kasuwa har ba wurin sa ƙafa.

Da abinci ya yanke, sojoji suka naɗe tantuna. Kyaftin ne na ƙarshe, a ƙaramar motarsa. Ko Allah ne, ko wani ne ya taimaka wa tankinta da yashi, ba wanda ya sani, ta dai mutu a tsakiyar layin makanikai da tsakar rana. Gareji goma sha biyu a layin nan. Ya bi su ɗaya ɗaya, kowa ya ce sifanarsa ta ɓata. Dole ya ɗauki akwatinsa a ka ya nufi tasha a ƙasa. Kafin ya yi nisa labari ya zaga. Iyayen mutum bakwai ɗin suka fito suka bi bayansa, Inna a gaba, ba jifa, ba zagi, sunayen kawai suke kira, in sun kai na bakwai su koma na farko. Gari ya fito ya kama musu. Gumi ya jiƙe kakinsa, tabaran ya zame ya faɗi, bai tsaya ɗauka ba. A tasha direbobi suka ce duk kujeru an kama. Sai a bayan motar awaki ya samu wuri.

Ba a taɓa kai shi kotu ba. Ƙarin girma ma aka yi masa.

Bayan shekara guda Dogo, wanda yanzu ke tuƙa motar da ƙauyuka suka haɗu suka saya, ya dawo daga doguwar tafiya ya sami tsofaffin biyu a tsakar gida.

"Baba, na ga mutanen kamfanin nan. Kwana biyu daga nan, a hayin babban kogi. Fenti iri ɗaya, waya iri ɗaya. Can auduga suke saye. Kyaftin ma yana can a bakin ƙofa, ya yi sabon tabarau."

Injiniya ya dubi Inna. Ta ture farantin da ke cinyarta.

"'Ya'yan auduga ana matse su?"

"Ana matsewa," ya ce. "Sai dai sun fi gyada tauri. Jak biyu za a sa. Zaren kuma sai an nemi masaƙa."

"Akwai masaƙa a ko'ina. Dogo, yaushe za ka koma?"

"Jibi, Inna."

"To ka rage mana wuri a gaba, ƙafata ba ta son bayan mota."

Injiniya ya tashi ya shiga rumfa, ya jawo akwatin kayan aikinsa da hannun hagu, ya fara zaɓen abin da zai tafi da shi.